Amsar Kawu Kan Motar Da Bangonta Ke Fita

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso tun ranar Talata, sanyin Indiana ne ya kama mini gwiwa na kasa zama in amsa. Ka ce maƙwabcinka a Houston, dattijon nan da ya yi ritaya, ya sayar da gidansa ya sayi ƙatuwar mota mai ɗaki da falo, ya kai ka ciki ya danna maɓalli, bango ya tafi waje, falo ya buɗe. Kana tambaya ko al'adarsu ce tsoho ya bar gida ya koma mota, kuma in kai ma ka tashi sayen ta hannu don yawo da iyali, ko dole sai mai irin wannan bangon, tunda ka ji an ce wadda ba ta da shi ta talaka ce.

Al'ada ce, amma ta wasu. Cirani ne aka juya shi. Mu matasa ke fita bayan girbi neman kuɗi, su kuwa tsofaffi ne ke gudun hunturu da kuɗinsu a aljihu. Da an shiga Nuwamba sai ka ga ayarinsu sun nufi kudu, Florida da Arizona da kudancin Texas, ba za su juyo ba sai wajen Afrilu. Har suna aka yi musu, tsuntsayen ƙanƙara. Akwai wani ƙaramin gari a hamadar Arizona, Quartzsite, da a watan Janairu motocin nan ke cika dajinsa iyakar ganinka. Masu sayar da gida ɗungurungum irin maƙwabcinka su ne 'yan kaɗan, kuma za ka ga da yawansu da lambar South Dakota ko Texas ko Florida, don jihohin nan ba sa karɓar harajin kuɗin shiga. Abin da har yau bai zauna mini ba shi ne tsoho ya yi nesa da jikokinsa da gangan. Amma ba wannan ka tambaya ba.

Bangon nan su silayid suke ce masa. Ni aljihu nake kiransa, don aljihun tebur ne aka yi shi da girman ɗaki. Ka san shekarun da na yi a gareji kusa da Elkhart, inda ake ƙera mafi yawan motocin kwana na Amurka, to rabin furfurata wannan aljihun ne ya kawo ta. Doka ce ta haife shi. A babbar hanya faɗin mota ba ya wuce inci 102, wato ƙafa 8 da rabi, tsawo kuma irin waɗannan a ƙafa 45 suke tsayawa. Ka cire kaurin bango, ka sa kujera a dama, kicin a hagu, abin da ya rage lungu ne. Kamfanin Newmar da ke Nappanee, nan kusa da mu, shi ya fara sa aljihu mai aiki da inji a manyan motocin nan wajen 1990, sauran suka bi. Yau ta alfarma takan zo da har guda huɗu, wata ma kusan gefe ɗaya gaba ɗaya ne ke fita. Na can ƙololuwa su ne Newell da ake ƙerawa a Oklahoma, da bodin bas na Prevost daga Quebec ta Kanada, wanda kamfanoni irin su Marathon a Oregon ke mayarwa gida. Sabuwarsu ta haura dala miliyan 2.

Ba zan tauye wa aljihun nan haƙƙi ba. In ka tura biyu masu fuskantar juna, falon da mutum biyu ba sa iya giftawa sai ya kai ƙafa 13 ko fiye. Wanda zai yi wata huɗu a wuri ɗaya da matarsa, wannan faɗin shi ke hana su cin naman juna. Na taɓa karɓar aron wata mu je Tennessee da Hajiya, ranar farko da muka tura bango muka shimfiɗa darduma biyu muka yi salla ba wanda ya bugi kujera da goshi. A rufe kuwa sai dai ɗaya ya jira ɗaya. Kai da yara uku, in ruwa ya tsare ku yini guda a ciki, za ka gode wa wanda ya ƙirƙiro shi. Kuma ranar da ka tashi sayarwa, mai aljihu ta fi saurin samun mai saye.

To amma ka tuna abin da aka yi kafin a sa shi. Bango lafiyayye aka yanka aka yi masa ƙatuwar kafa. Sai an ƙara ƙarfe a kewaye don bodi ya riƙe kansa, ga inji, ga haƙoran giya ko bututun mai. Babban aljihu ɗaya ɗaruruwan kilo ne, kuma duk kilon da ya ci an rage shi ne daga kayan da aka yarda ka ɗauka. Abin da ya raba ka da ruwan sama kuwa roba ce kawai. A Prevost robar ma iska ake hura mata ta kumbura ta toshe kafar, dabara mai kyau, har ranar da ta huje. Rana tana busar da roba, ta tsage, ruwa ya riƙa bi ta ƙasa a hankali. Mai mota ba ya sani sai ya taka kusurwa ya ji katako ya yi laushi kamar burodi. Irin wannan gyaran ya fi kowane cin kuɗi a cikin abin da na gani, don sai an zaro ɗakin gaba ɗaya. Da zafi ko sanyi ma aljihu ne ke fara shan wuya, bangonsa siriri ne.

Sai maƙalewa. A wannan tafiyar ta Tennessee, safiyar da za mu taso, na danna maɓalli, gefe ɗaya ya shiga ɗaya ya tsaya, ɗakin ya karkace. Batir ne ya yi sanyi. Mota ba ta hawa titi da ɗaki a waje. Ni da nake bakanike sai da na yi awa uku ina kwance a ƙasa, Hajiya na riƙe da tocila tana tambayata ko wannan ce hutawar da na yi mata alkawari. Wanda ba aikinsa ba ne sai ya jira mai gyara ya zo, ya biya kuɗin zuwa kafin a taɓa komai.

Su ma matafiyan suna da ladabinsu, kuma gara ka san shi. Shagunan Walmart da yawa sukan bar mutum ya kwana a filin ajiye motocinsu, amma sai ka shiga ka tambayi manaja, don wasu garuruwa sun hana. In an bar ka, baƙo ne kai na dare ɗaya. Ba a son ka tura bango ta wajen hanya, ka sauke jak a kan kwalta, ka fito da kujeru. A wurin hutun manyan motoci kuwa kada ka kuskura, direban tirela da ya gaji zai shigo gefenka da tsakar dare. A sansanin haya ma, inda ake biya a ajiye irin motocin nan a kwana, kafin ka danna sai ka sauka ka zagaya, ka ga itace da sandar lantarki da iyakar maƙwabci. Ɗakinka ya leƙa filin wani kamar ka zuba shara a ƙofar gidansa ne.

Zancen ta talaka kuwa, masu sayarwa ne suka baza shi. Na ga masu kuɗi da ke neman tsohuwar Prevost marar aljihu da gangan, don ba ƙara a hanya, ba yoyo, kuma mutanen sansani sukan zagaye ta suna yabawa.

Kai dai mai hutun mako biyu ne, yau nan gobe can, ba mai zaman wata huɗu ba. Aljihu ɗaya ya ishe ka, iyaka biyu, kuma kada ya zama wanda ke ɗauke da kicin, don bututun ruwa da na gas suna lanƙwasa duk shiga da fita. In ka je dubawa za ka tarar an baje komai an kunna fitilu. Ka ce a rufe duka. Sannan ka gwada isa banɗaki, ka buɗe firji, ka ga ko yaro zai iya kwanciya a gado, don haka motar za ta kasance duk tsawon hanya. Ka sa a fitar a mayar sau uku kana saurare, ka danna yatsa a kusurwoyin ƙasa, ka tambayi inda ake mayar da shi da hannu. In mai motar ya fara kame-kame a kan wannan, ka kira ni kafin ka ba da ko sisi.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yaran. Hajiya ta ce in kun saya ita ba za ta riƙe tocila ba.