Gwajin kuromosom ga mai sankarar jini: amsoshin wannan mako

*Likita ya ce yayana yana da sankarar jini, ya rubuta gwajin Filadelfiya. Mun riga mun auna jini sau uku. Ba ɓarnar kuɗi ba ce? Daga Azare.*

Ba ɓarna ba ce, Malam. Awon da kuka yi ƙidaya ce kawai, ta nuna fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa, ba ta faɗi dalili ba. Kowace farar ƙwaya tana ɗauke da kuromosom 46, wato zaren da ke riƙe da bayanan halittar mutum. A nau'in sankarar jinin da ake kira CML, na 9 da na 22 ne suke musayar guntu, haɗin ya sa ɓargo ya yi ta zubo ƙwayoyi ba tsayawa. An gano shi a 1960 a birnin Filadelfiya na Amurka, shi ya sa ake ce masa kuromosom na Filadelfiya, kuma shi gwajin ke nema. Maganin imatinib wannan haɗin yake toshewa, kuma shirin da ke ba da Glivec (sunan imatinib na kasuwa) kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife sai ya ga sakamakon. Ku yi gwajin.

*Ni AA ne tun gwajin aure. Ai ya wadatar? Daga Kumo.*

Haba! Wancan na sikila ne. Hanyar jirgi daban, ta mota daban.

*An ba mu zaɓi uku: karyotype, FISH da PCR. Wanne za mu biya? Daga Yelwa, Bauchi.*

Likitan jini ne mai zaɓa, ba mai karɓar kuɗi a taga ba. Na farko yana duba kuromosom gaba ɗaya a ƙwayoyi kamar 20, kuma ɓargo aka fi so. FISH ya fi sauri, amma abin da aka tambaye shi kaɗai yake nemowa. PCR shi ke auna ko magani na aiki, galibi duk wata uku.

Abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne tafiyar samfurin. Karyotype sai da ƙwayoyi masu rai, don sai sun tsiro a ɗakin gwaji kafin a duba su. Kwalba mai koren murfi ake so, mai heparin, maganin hana jini daskarewa. Mai murfi shunayya ta PCR ce. A juye a wadda ba ita ba, an yi asara. Sai ka ga an miƙa wa direba a tasha, ya cusa a gaban mota, ranar Afrilu ta dafa ta kafin Ningi. Wani kuma don ƙauna ya nutsa ta cikin ƙanƙara, ƙwayoyin su fashe. Sanyi sama-sama ake so, ta isa cikin kwana ɗaya, in ta daɗe biyu. Kada a ɗiba ranar Juma'a ta kwana har Litinin. Kada kuma a fara ba majinyaci prednisolone na kemis kafin ɗiba, yana iya ɓatar da ƙwayoyin da ake nema. Kafin ku biya, ku tambaya: wa zai kai, yaushe zai isa, in ƙwayoyin ba su tsiro ba wa zai biya na biyu? Tsotso ɓargo daga ƙashin ƙugu ba abin da za a maimaita wa mara lafiya ba ne don sakaci.

*An samu kuromosom na Filadelfiya a jikin maigidana. Yaranmu huɗu, ba na barci. Daga Gombe.*

Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki: ba gado ba ne, ba ya yaɗuwa ta kwano ko shimfiɗa. A ɓargonsa kaɗai ya faru. Kada ki kashe ko sisi wajen gwada yaran. Ki adana kuɗin don PCR ɗinsa, ki kuma tsaya masa ya sha maganin kullum, ko da ya ji garau.