Dosiyen ma'aikata a buɗe ga kowa: yaya zan tsara matakan sirri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wani biro a unguwar Birni, nan Damagaram. An sa mana manhajar Alfresco don adana takardu, amma duk wanda ya shiga yana ganin komai, har takardun albashi da na likita. Shugabanmu ya ce a mayar da komai sirri a huta. Haka ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. A'a, bai dace ba. Idan komai ya zama sirri, mai aikin wasiƙu zai kasa buɗe wasiƙar da aka ce ya aika, sai ya roƙi kalmar sirrin wani, kafin wata ya ƙare kowa na shiga da sunan shugaba. Wannan ya fi halin da kuke ciki muni, domin manhajar ba za ta ƙara nuna wanda ya buɗe me ba.

Ki fara da alƙalami da takarda, kada ki taɓa kwamfuta tukuna. Ku zauna da shugaban ku kasa takardunku mataki 3 ko 4: na kowa, na cikin gida, na sirri, sai kuma sirri mai tsanani idan har kuna da irinsa. Ga kowace takarda tambaya ɗaya ce: idan ta fita waje, wa za ta cutar, kuma yaya girman cutarwar? Sanarwar taro ba ta cutar da kowa. Takardar likita ta ma'aikaci kuwa, fitarta na iya zubar masa da mutunci a garin da kowa ya san gidan kowa. Ga kuma doka: Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, aka sabunta ta a 2022, hukumar HAPDP ce ke sa ido a kai.

A ɓangaren Alfresco mai kula da wannan, abu biyu ake saitawa. Takarda tana da matakinta, mutum ma yana da iyakar matakin da aka yarje masa. Wanda iyakarsa ba ta kai ba, ko sunan takardar ba zai gani ba idan ya yi bincike. Amma kai matakin kaɗai bai isa ba, sai an kuma ba shi izinin shiga dosiyen. A nan ake yawan tuntuɓe: ana ba mutum babban mataki don girman kujerarsa ko furfurarsa. Aikinsa za a duba. Akanta na buƙatar takardun albashi, ba ruwansa da na likita.

Ki rubuta dalilin sanya kowane mataki da ranar da za a sake dubawa, domin takardar kwangila da ke sirri yau tana iya zama ta kowa bayan an bayyana sakamako.

Da kin gama, ki buɗe asusun gwaji mai mataki mafi ƙanƙanta, ki nemi sunan wani ma'aikaci ki ga abin da zai fito. Ki kuma takaita masu ikon sauke takardun sirri, don wadda aka kwafa a kilen USB ko aka tura ta WhatsApp ta fita daga hannun manhajar. Ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, a ranar za a rufe asusunsa.