Amsa ga mai tambaya kan gyaran tsohon gida mai sassa a cikin birnin Kano

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an yi maka tayin wani tsohon gida mai sassa biyar a cikin birni, wani ɓangarensa ginin ƙasa ne, wani kuma bulo, kana son sanin ko zai gyaru ko sai an rushe. Mun yi irin wannan aiki a gidanmu na gado, don haka ga abin da na gani da idona.

Kada ka yanke hukunci da rani. Ka je gidan a watan Agusta, da zarar an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ka tsaya a tsakar gida ka ga inda ruwan yake bi. A yawancin tsofaffin unguwanni ƙasan lungu ya hau sama da daɓen gidaje saboda cikon da maƙwabta suka yi ta yi, har ya zama ruwa shiga yake yi ta zaure maimakon ya fita ta kwata. Idan haka gidan yake, ka durƙusa ka taɓa gindin kowane bango, domin ginin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa. Bangon da gindinsa ya zaizaye ko yake marmashewa a hannu ba ya jin yaɓe, amma wanda yake a bushe da kaurinsa zai iya ƙara shekaru masu yawa. Gidan Makama da ke nan tsaye da ƙasa aka gina shi, kulawa ce ta riƙe shi.

Filastar siminti a kan bangon ƙasa ita ce ta fi yaudarar mai saye. Mu ma ta yaudare mu. Siminti ba ya barin danshi ya fita, sai ƙasar ta ruɓe a bayansa alhali fuskar tana nan sumul. Ka ƙwanƙwasa da bayan hannu, duk inda ka ji ƙara kamar ta ganga, to ya rabu da bangon. A ɗakunan soro kuma ka caka azara da ƙusa a wurin da ta shige bango, nan ne gara da yoyo suke fara ci, sannan ka duba ko indararo yana zubar da ruwa nesa da gini.

Ka ce kana tunanin ɗora bene don ƙara ɗakunan haya. Ban ba ka shawara ba, sai injiniyan gini ya tona ya ga harsashin, domin ɓangaren bulon nan galibi ɗaki-ɗaki aka ƙara shi ba tare da ginshiƙi ko rodi ba. Kuma sai ka nemi izinin hukumar tsara birane, wato KNUPDA. Ka auna tazarar masai da rijiya, ka kuma ƙirga da cewa wayoyin lantarki gaba ɗaya za a sake su.

Abin da ya fi cin mana kuɗi ba mu sa shi a lissafi ba: tifa ba ta shiga lungunmu, sai a juye yashi da tsakuwa a bakin titi, a biya 'yan baro su yi ta jigila.

Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ka tabbatar an raba gadon, kowane magaji ya sa hannu, har da mata da waɗanda suke nesa, a gaban mai unguwa da shaidu, kuma ka ga takardar kotu idan a can aka raba. Ka tambayi waɗanda ke zaune a sassan yanzu, waye ɗan haya, waye mai rabo a ciki, kuma yaushe za su tashi. A gidanmu, sashe ɗaya da wata gwaggonmu ta ƙi amincewa a taɓa ya tsayar da aikin magudanar ruwa har damina biyu.