Amsa: Katakon gaba ya ƙi zama a tsohuwar bindiga mai baki biyu

Malam, ka ce ka kwance bindigar gida uku (bututu, gindi da katakon gaba) don gogewa, yanzu katakon gaba ya ƙi komawa. Bari mu bi a jere, bayan ka tabbatar babu harsashi a ciki.

Tura maɓallin saman, wanda ake buɗe bindigar da shi, zuwa dama ka riƙe. A ƙarƙashin bututun akwai ƙugiya, sai ka rataya ta a kan sandar ƙarfen da ke gicciye a gaban gindin. Janyo ƙarfen fitar da kwanso waje tukuna, in ba haka ba zai tokare. Rufe a hankali, ka saki maɓallin. Katakon shi ne na ƙarshe, bakinsa na baya ya fara shiga, sannan ka danna gaban.

Idan irin ƙirar maƙeran Ingila Anson da Deeley ce ta 1875, wadda ba a ganin gudumarta mai bugun harsashi, zato na an taɓa kunama bayan an kwance ta. Gudumar ciki ta faɗi, 'yan ƙarafan da ke ɗana gudumar sun kauce, shi ya sa katakon ya ƙi zama. Sai an sake ɗana su, kuma kada ka buga katakon, tsagewa yake yi.

Kafin harbi kai wa gwani ya auna tsawon ramin harsashi. Tsofaffin na Ingila galibi milimita 65 ne, harsashin yanzu yawanci 70.