Amsa: Karatun allo ne ke sa yaro ya juya b da d?

Malam, ka ce ɗanka mai shekara 6 yana rubuta b a wurin d, kana zargin haɗa masa allo da boko ne ya rikita shi. A ganina ba laifin allo ba ne. Yaran Ingila da ba su taɓa ganin baƙin Larabci ba ma suna yin haka.

Ido ya saba ɗaukar abu da juyinsa a matsayin abu ɗaya. Buta ko ta kalli gabas ko yamma, buta ce. Karatu ne ke tilasta wa ƙwaƙwalwa ta bar wannan sabon, har wani ɗan yanki a ɓangarenta na hagu ya ƙware wajen gane haruffa. Masanin ƙwaƙwalwa Stanislas Dehaene na Faransa ya yi aiki sosai a kansa.

Amma zarginka bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba, don karatu yana jan hankalin ido gefe guda. Mai karanta Turanci, duk inda idonsa ya tsaya, yana tsinkayar haruffa 14 zuwa 15 a dama, amma 3 ko 4 kacal a hagu. A 1981 wani mai bincike, Pollatsek, da abokan aikinsa sun gwada masu karanta Turanci da kuma Ibrananci, wanda ake rubutawa daga dama zuwa hagu kamar Larabci, suka ga idan rubutun ya koma daga dama zuwa hagu, faɗin abin da ido ke tsinkaya ya koma hagu, a mutum ɗaya kuwa. Ashe ido na iya sauyawa.

Ka bar shi da allonsa. In ya kai shekara 8 bai daina ba, a duba shi.