Hukuncin karanta labarin Sindirella da aka sabunta wa matasa

Tambaya: Malam, shekaruna 17. Na karanta wani littafin Turanci da aka sabunta labarin Sindirella a cikinsa, ya burge ni, har ina son in rubuta sharhi in tallata wa ƙawayena. Yayata ta ce ƙarya ce da tsafi, haramun ne. Mene ne hukunci?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ƙagaggen labari ba ya shiga ƙaryar da aka haramta matuƙar mai karatu ya san ƙage ne, domin illar ƙarya ita ce yaudara, a nan kuwa ba a yaudari kowa ba. Kakanninmu ma kan rufe tatsuniya da "ba don gizo ba da na yi ƙarya". Tun da Ibnul Muƙaffa'i ya fassara littafin labaran dabbobi na Kalila wa Dimna zuwa Larabci, malamai suke karanta zancen zaki da dila, kuma Maƙamatul Hariri, wadda ita ma ƙagaggun labarai ce, har yau ana karantar da ita a zaure. Ƙashin labarin naki ma ba baƙo ba ne: 'yar mowa ce da 'yar bora, wadda marubuci Charles Perrault ya buga irin ta Turawa a Faransa a 1697.

Sai dai yayarki ta taɓo wani abu. A duba matsayin sihiri a littafin. Idan kabewa ce ta rikiɗe ta zama keken doki, wannan almara ce, ba mai kwaikwayo. Amma idan an kawo surkulle dalla-dalla, ko yarinyar ta roƙi kabarin mahaifiyarta ko wata aljana ta biya mata buƙata, aka nuna nan ce mafita, to an taɓa aƙida. Ki karanta aya ta 102 a Suratul Baƙara, wadda ta yi magana kan sihiri.

Inda aka fi samun matsala shi ne soyayya. Masu sabunta irin wannan labari sukan ƙara keɓewa da sumba da siffanta jiki, yawanci daga tsakiyar littafi zuwa ƙarshe, don haka babin farko ba ya isa hukunci. Littafin da ya ƙunshi batsa, karanta shi da tallata shi duka haramun ne.

Idan ya kuɓuta daga waɗannan, kuma bai sa ki jinkirta salla ba, ya halatta. Sharhin kuwa shaida ce: ki ambaci aibin da kika gani da lambar babinsa, ki faɗi shekarun da ya dace da su, kada ki yabi shafin da kika tsallake.

Wallahu a'alamu.