Na'urar auna sinadarin damuwa: tambayoyinku da amsoshin likita

Tambaya: Likita, agogon hannuna yana yawan nuna cewa damuwata ta hau. Kotizol, wato sinadarin damuwa da jiki ke fitarwa, yake aunawa?

Amsa: A'a. Bugun zuciyarka yake bi, da tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, sai ya yi hasashe. In kana jin faɗuwar gaba ko barci ya ƙaurace maka, je asibiti.

Tambaya: Da gaske akwai abin da ake liƙawa a fata ya auna kotizol daga gumi?

Amsa: Akwai. Masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun nuna irinsa a 2018, na Jami'ar Caltech, ita ma a Amurka, suka fito da nasu a 2020. Amma asibiti har yanzu jini, yawu ko fitsarin awa 24 yake gwadawa. Kuma awo ɗaya bai isa hukunci ba, don kotizol yakan hau da safe bayan tashi daga barci, ya sauka can ƙasa da tsakar dare.

Tambaya: Wata shida ina shan dekza, wato maganin dexamethasone, don in yi ƙiba. Fuskata ta kumbura, cikina ya yi zane-zane. Wata ƙawata ta ce kotizol ne ya yi min yawa, in nemi na'urar awo in daina shan maganin yau.

Amsa: Haba 'yar'uwa! Wa ya ce miki wannan ƙiba ce ta lafiya? Kitse ne ya taru a fuska da ciki, naman hannu da ƙafa kuwa zagwanyewa yake, ga hawan jini da ciwon suga suna biye.

Amma don Allah kada ki yanke shi lokaci guda. Kotizol daga wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda yake fitowa. Dekza kwaikwayonsa yake yi, saboda haka jiki ya ɗauka akwai wadata, halittun nan suka rage aiki. Shi ya sa ko kin auna, ƙasa za ki ga lambar, saɓanin zaton ƙawarki. Kika tsaya kwatsam, jiki ba shi da nasa: sai amai, jiri, kasala, jini ya faɗi, har suma. Ana rasa rai a haka.

Ki ɗauki kwalin maganin ki kai wa likita cikin makon nan, ki faɗa masa adadin da kike sha ba ɓoye-ɓoye. Shi zai riƙa rage miki kaɗan-kaɗan. In amai ko jiri ya taso kafin nan, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.